Takardar shaidar ƙwarewa a aikin SIG: wacce za ka nema, yaushe, kuma da kuɗin wa

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na ɗaliban labarin ƙasa a Yamai ya san tallar: horo kan SIG, wato haɗa taswira da bayanai a kwamfuta, na 'yan kwanaki, manhajojin QGIS da ArcGIS da KoboToolbox duka a dunƙule, a ƙarshe a miƙa maka takarda mai hatimi a ɗauki hoto. Matasa da yawa sun tara irin waɗannan takardu har dosiye ya yi kauri, amma kiran aiki shiru. Wasu kuma sun ji labarin takardar GISP ta Amurka ko jarrabawar kamfanin Esri, suna ta tara kuɗi da tunanin ita ce za ta buɗe musu ƙofa.

Ra'ayina shi ne takardar shaida tana da amfani, amma a wurinta da lokacinta. A aikin haɗa taswira da bayanai a kwamfuta, takardar da ke da daraja ita ce wadda mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa da kansa, kuma akwai aikin hannunka a bayanta. Ga yadda nake ba da shawarar a bi abin daki-daki.

Fara da sanarwar ɗaukar aiki, kada ka fara da tallar horo

Kafin ka fitar da ko dala, tattara sanarwar neman ma'aikatan SIG da suka fito a Nijar cikin watannin baya, a hukumar samar da aikin yi ANPE, a jaridar Le Sahel, a shafin ayyukan agaji ReliefWeb da shafukan ƙungiyoyi. Ka karanta su da alƙalami a hannu, kana ja wa abin da ke maimaituwa layi. Za ka ga masu ɗaukar aikin ba abu ɗaya suke dubawa ba.

Ma'aikatun gwamnati, irin su hukumar taswira ta ƙasa IGNN, hukumar ƙididdiga INS, ma'aikatun ruwa da muhalli da na tsara birane, difloma suke dubawa da farko. Matakin albashin ma'aikacin gwamnati a kan difloma yake tafiya, kuma takardar wani kamfanin Amurka ba za ta matsar da kai ko taki ɗaya a wannan tsani ba. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kan nemi lisans ko masta, shekarun aiki, sannan su zaunar da kai gaban kwamfuta su gwada ka. Ofisoshin bincike masu neman kwangila su ne ke murna da takardar shaida, domin suna saka CV ɗinka cikin dosiyen takara, kuma a can ana ba ƙwarewar kowane ma'aikaci maki. Sai aikin da ake yi daga nesa wa kamfanonin waje, inda ba wanda ya san malaminka ko jami'arka. A nan ne takardar da duniya ta sani ke yin magana a madadinka.

Idan ka gane ɓangaren da kake nufa, rabin tambayar ya amsu.

Ka san irin takardar da ake sayar maka

Iri uku ne, kuma masu talla suna son cakuɗa su. Akwai difloma, wadda makaranta ke bayarwa bayan shekara ɗaya ko fiye na karatu. Akwai takardar halartar horo, wadda ke cewa ka zauna a aji daga rana kaza zuwa rana kaza. Akwai kuma takardar shaidar ƙwarewa ta ainihi, wadda wata hukuma ke bayarwa bayan jarrabawar da za a iya faɗuwa, mai lamba, wadda kowa zai iya bincika sahihancinta a intanet.

Tambayoyi uku suna raba su: shin ana faɗuwa? Wa ya sa hannu, wanda ya karɓi kuɗin horon ne ko wata hukuma daban? Ina za a duba lambar? Idan mai horo ya fara kame-kame a kan waɗannan, takardar halarta ce. Ba laifi ba ne, horon na iya yin kyau ƙwarai, sai dai ka biya kuɗin karatu da sanin cewa karatun ka saya.

Hannu kafin takarda

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. QGIS kyauta ce, Gary Sherman ya fara ta a 2002, kuma littafin koyarwarta yana nan da Faransanci ba ko sisi. Ka sauke sigar da aka yi wa alamar LTR, ita ce aka fi daɗewa ana gyara wa kurakurai, ka zauna da ita.

Ga irin gwajin da ake yi a ofis. Za a miƙo maka kile USB a ce: "Malam, ga jerin rijiyoyi da fanfunan da aka ɗauko a fili. Sa mana su a taswirar komin, ka faɗa mana ƙauyukan da suka fi kilomita ɗaya nesa da ruwa. Kana da awa biyu." Ka buɗe fayil ɗin Excel, sai ka tarar an rubuta 13,51 da waƙafi irin na Faransanci, ginshiƙan kuma an raba su da aya-waƙafi. Idan ba ka gaya wa QGIS cewa waƙafi ne ke raba goma-goma ba, za ta ɗauki lambobin a matsayin rubutu, ɗigo ko ɗaya ba zai fito ba. Ka wuce wannan, sai tarko na biyu: Yamai tana wajen 13,5 arewa da 2,1 gabas. Wanda ya sa latitid a gurbin X, lonjitid a gurbin Y, zai ga rijiyoyinsa sun faɗa can dajin kan iyakar Kamaru da Kwango. Na uku ya fi su dabara, domin taswirar za ta fito da kyau amma lissafin ƙarya ne. Bayanan GPS suna zuwa da digiri, a tsarin WGS 84 mai lamba EPSG:4326. Idan ka zana da'irar kilomita ɗaya a kan digiri, shirme za ka samu. Sai ka mayar da bayanan zuwa UTM, inda awon mita ne. Nijar ta ratsa yanki uku na UTM: Yamai da Tawa suna cikin 31 arewa, wato EPSG:32631, Maraɗi da Damagaram da garin Agadas cikin 32, garin Difa cikin 33. Wanda ya amsa wannan ba tare da ya leƙa waya ba, mai gwajin ya riga ya gane da wa yake magana.

Bayan wannan, abubuwan da ya kamata hannunka ya saba da su ba su da yawa: haɗa tebur da taswira ta lambar gari, domin sunan ƙauye ɗaya ana rubuta shi iri uku, shi ya sa kundin garuruwa na INS, ReNaLoc, ke da amfani, gyara iyakokin da suka hau juna, tsara fom a KoboToolbox ko QField a fita fili da shi, karanta hoton tauraron ɗan'adam, da fitar da taswira mai ma'auni, alamar arewa, bayanin launuka, tushen bayanai da kwanan wata. Hotunan Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10, kuma tauraron yana sake ratsa wuri duk kwana biyar. Landsat ya fara tun 1972, an buɗe rumbunsa kyauta a 2008. Wanda ya ƙara ɗan SQL da PostGIS na sarrafa rumbun bayanai da ɗan Python na rubuta wa kwamfuta umarni a kai ya fita daga sahun masu danna maɓalli.

Tara aikin da za ka nuna

Taswira uku ko huɗu masu kyau sun isa, muddin kowace tana amsa tambayar da wani a ƙasar nan ke yi. Misali, ka ɗauki hotunan Sentinel na kafin ambaliyar 2020 da na bayanta, lokacin da kogin Kwara ya karya shinge ya shiga unguwannin Harobanda, ka fitar da inda ruwa ya kwanta, ka ɗora gine-ginen OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta da kowa ke iya zanawa, a kai. Idan ɗan Tawa ne kai, kwarin Keita yana gabanka, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984: ka gwada tsirran shekarun farko da na yanzu da Landsat. Ko ka bi wani burtali da waya, ka nuna inda gonaki suka cinye shi. Kwamitocin filaye na Code Rural, tsarin dokar filayen karkara, waɗanda dokar 1993 ta kafa, irin wannan aikin suke buƙata daga jiha har komin.

Kowace taswira ka haɗa ta da rabin shafi: ina ka samo bayanai, me ka yi musu, ina raunin sakamakon. Iyakokin jihohi da gundumomi da komin suna nan a dandalin bayanai HDX na OCHA, ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka shiga cikin 'yan OpenStreetMap na Nijar, domin duk abin da ka zana a can yana rubuce da sunan asusunka da ranarsa, kuma kowa na iya dubawa.

Gargaɗi ɗaya a nan. Bayanan da ka yi aiki da su a wurin sitaj ko a wata ƙungiya ba naka ba ne. Taswirar da ke nuna gidajen 'yan gudun hijira ko sunayen masu karɓar tallafi ba abin sakawa a Facebook ba ce, kuma a halin tsaron da ake ciki, wuraren soja ba abin zanawa ba ne sam.

Yanzu zaɓi takardar

Ga mai farawa da ƙaramin aljihu, akwai na kyauta. Esri tana buɗe darussa na makonni a intanet da takardar kammalawa, shirin ARSET na NASA yana koyar da aiki da hotunan tauraro, hukumar abinci da noma ta duniya FAO ma tana da makarantarta ta intanet. Duk waɗannan takardun halarta ne, amma sunan da ke kansu sananne ne. Biyu ko uku da suka dace da aikin da kake nema sun isa. Jera goma sha biyar a CV alama ce ta wanda bai san inda ya dosa ba.

Takardar QGIS tana da tsari na daban da mutane ba su cika fahimta ba. QGIS ba ta da jarrabawa guda ta duniya. Abin da take yi shi ne ta duba cibiyar horo da darussanta, ta amince da ita, sannan cibiyar ta riƙa fitar da takarda mai lamba daga shafin QGIS, tana biyan yuro 20 kan kowace takarda, kusan jika 13 ke nan a kuɗinmu, wanda ke komawa ga raya manhajar. Don haka idan aka ce maka "horo mai shaidar QGIS", ka shiga shafin ka duba ko sunan cibiyar yana cikin jerin. Aikin minti biyu ne. Ga wanda ke nufin ƙungiyoyi da komin-komin, inda kuɗin lasisi ke da wuya, wannan ita ce mafi dacewa da aljihu.

Jarrabawar Esri ita ce ta farko a jerin nan da ake faɗuwa da gaske. Kamfanin, wanda Jack da Laura Dangermond suka kafa a 1969 a Redlands ta Kalifoniya, shi ke da ArcGIS, kuma ya kasa jarrabawarsa hawa uku: Foundation, Associate da Professional. Ana yin ta da Turanci ta hannun kamfanin gudanar da jarrabawa Pearson VUE. Kowace jarrabawa tana da takardar bayani da ke jera abin da za a tambaya da nauyin kowane ɓangare. Ka sauke ta kafin komai. Abin lura babba: da yawa daga cikinmu ArcMap, tsohuwar manhajar ArcGIS, muka koya, amma sigarta ta ƙarshe ita ce 10.8.2, kuma Esri ta tsayar da Maris 2026 a matsayin ƙarshen tallafinta. ArcGIS Pro ce a gaba, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Duk horon da har yanzu ArcMap kaɗai yake koyarwa, ka riƙe kuɗinka. A ganina wannan jarrabawa ta cancanci kuɗinta ga mutum iri biyu kawai: wanda ofishinsa ke aiki da ArcGIS kullum, da wanda ke neman aiki a kamfanonin ma'adinai da man fetur ko a waje.

GISP kuma ta manya ce. Cibiyar GISCI ta Amurka ce ke ba da ita tun 2004, ba ta ɗaure da manhajar kowa ba. Tana neman shekara huɗu na cikakken aiki a fannin, da dosiyen maki da ke haɗa karatu, aiki, da gudummawa ga sana'a kamar gabatar da maƙala ko koyarwa, da jarrabawa da Turanci, da sa hannu kan ƙa'idojin ɗa'a. Ana sabunta ta duk shekara uku, da kuɗi. A Amurka tana da nauyi. A Yamai kuwa da wuya ka ga sanarwar da ta ambace ta, kuma shugaban ma'aikata da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Ɗalibin da ya gama lisans bara ya cire ta daga ransa tukuna. Wanda ya yi shekaru yana aiki, yana hangen zama ƙwararren da hukumomin duniya ke ɗauka kwangila, shi ya kamata ya fara lissafi.

Sau da yawa amsar gaskiya ita ce difloma ta fi duk waɗannan. Cibiyar AGRHYMET tana nan Yamai tun 1974 ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, tana horar da masana yanayin noma da ruwa, kuma hotunan tauraro na cikin aikinta na yau da kullum. Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen labarin ƙasa. A Ile-Ife ta Najeriya akwai AFRIGIST, wadda a da ake kira RECTAS, an kafa ta a 1972, tana koyarwa da Faransanci da Turanci, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Idan makaranta mai zaman kanta ce, ka tambayi ko gwamnati ta amince da diflomar, ko kuma CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance diflomar ilimi mai zurfi, kafin ka biya zangon farko.

Shirin jarrabawa da ranar yin ta

Turanci ne ke kayar da yawancinmu, ba SIG ba. Dabara mai sauƙi: ka mayar da harshen manhajar zuwa Turanci tun watanni kafin ranar, don sunayen kayan aikin su zauna a idonka yadda za su fito a tambaya. Ka bi takardar bayanin jarrabawar layi-layi, duk abin da ba ka taɓa yi da hannu ba ka yi shi. Masu sayar da "tambayoyin da suka fito" a intanet ka ƙaurace musu. Ya saɓa wa yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, kuma ana iya soke takardar saboda shi.

Biyan kuɗi da dalar Amurka ne ta katin banki, don haka ka tanadi katin Visa da aka buɗe wa sayayya ta intanet, ka ƙara wani abu a kai saboda kuɗin canji. Sunan da ka yi rajista da shi dole ya zama daidai da na fasfo ko katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Mu da ake rubuta Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan a gida za ka yi, mai sa ido zai kalle ka ta kyamara daga farko har ƙarshe. Zai sa ka nuna masa ɗakin, tebur babu takarda babu waya, kuma idan wani ya shigo ko aka ji murya, yana iya tsayar da jarrabawar. A gidanmu na Hausa, inda yaro zai turo ƙofa ya ce "Yaya, Inna na kira", wannan kaɗai ya isa ya cinye maka kuɗi. Ka nemi aron ofis ranar hutu, ka cika batirin kwamfuta, ka tanadi layin intanet na biyu, ka yi gwajin na'ura da suke bayarwa a wannan ɗakin da wannan layin. Kada ka sa ranar a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ta fi yawan ɗaukewa. Idan akwai cibiyar jarrabawa da za ka iya kaiwa, ta fi kwanciyar hankali, shafin Pearson VUE yana nuna mafi kusa.

Wa zai biya, kuma me takardar ba ta ba ka ba

Idan kana aiki, kada ka yi saurin taɓa albashinka. Yawancin ayyukan raya ƙasa suna da kason ƙarfafa ma'aikata a kasafinsu, kuma sau da yawa shekara kan ƙare ba a taɓa shi ba. Ka rubuta buƙata ta shafi ɗaya tun lokacin tsara kasafin shekara: ga jarrabawar, ga kuɗinta, ga aikin ofis da za ta gyara. Ga ofishin bincike hujjar ta fi sauƙi, domin takardarka maki ce a takararsu ta gaba.

A CV, ka ware wa takardun jarrabawa wurinsu daban da na halartar horo. Ka rubuta cikakken suna, shekara, lamba da adireshin da za a duba. Na Esri suna ɗauke da sigar jarrabawar da aka yi, ka rubuta ta yadda take.

Akwai abubuwa biyu da babu takardar SIG da ke halatta maka. Auna fili a kafa masa iyaka ta shari'a aikin jiyometir ne mai izinin hukuma, ko da GPS ɗinka ya fi nasa tsada. Tayar da jirgi marar matuƙi kuma yana buƙatar izini daga hukumar jiragen sama ANAC da sanin jami'an tsaro, komai ƙwarewarka a sarrafa hotunan.

Tun daga aikinka na farko, ko sitaj ne ko bautar ƙasa, ka karɓi takardar shaidar aiki kafin ka bar wurin, kuma ka roƙi a rubuta ainihin abin da ka yi: sarrafa rumbun bayanai, tsara taswira, horar da masu ɗaukar bayanai a fili, da ranar farawa da ta gamawa. Ayyukan ƙungiyoyi kan rufe, shugabanni kan tashi, bayan shekara huɗu ba lalle ka sami mai sa maka hannu ba, alhali dosiyen GISP da na kwangilolin manyan hukumomi da waɗannan takardu ake cika su. Ka ɗauki hoton kowace, ka ajiye kwafi a imel ɗinka, asalin kuma a cikin leda.